Rigar Kariya Ta Hawan Babur: Yadda Mai Babban Jiki Zai Zaɓi Wadda Ta Yi Masa Daidai



A yau babur ya zama jakin zamani. Da shi manomi ke zuwa gona mai nisa. Da shi ake kai albasa da tumatir kasuwa. Da shi ake kai maras lafiya likita cikin dare. A Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Ƙonni, magidanta da yawa da kabu-kabu suke ciyar da iyalinsu. Amma babur ba shi da bango, ba shi da rufi. Idan aka faɗi, jikin mutum ne ke fara haɗuwa da ƙasa.

Don haka aka ƙirƙiro riga da wando na musamman domin masu hawan babur. Akan same su jefi-jefi a shagunan birane da wajen ƴan gwanjo. Mai madaidaicin jiki ba ya shan wuya wajen samun daidai shi. Wanda ke shan wuya shi ne mai babban jiki: mai faɗin ƙirji, mai kaurin damtse, mai ƙirar ƴan kokowa, ko mai tumbi. Yau da shi za mu yi magana. Abin da muke so ya riƙe guda ɗaya ne: rigar kariya tana tsare wurin da ta zauna a kai ne kawai. In ta matse, ko ta yi yawa, an kashe kuɗi amma ba a sami kariya ba.

Mi ke faruwa idan mutum ya faɗi?

Mai tafiyar kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Idan ya faɗi da wannan gudu, abu biyu ne ke samunsa.

Na farko shi ne bugu. Kafaɗa, da gwiwar hannu, da kwatangwalo, da gwiwa su ne ke fara dukan ƙasa, domin su ne suka fi fitowa waje.

Na biyu shi ne gurzuwa. Mutum ba ya tsayawa inda ya faɗi. Yana ci gaba da jan jiki bisa kwalta ko tsakuwa. Kwalta kuwa tana cin tufafi kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Rigar shadda ko ta atamfa tana yagewa cikin ƙiftawar ido, daga nan sai fata. Irin wannan rauni yana shan ƙasa da datti, yana daɗewa bai warke ba. In ya faru da damina, gona ta tsaya ke nan.

A shekarar 2011, masu bincike a ƙasar Ostareliya sun fitar da sakamakon nazari kan mahaya babur 212 da suka yi haɗari. Sun gano cewa waɗanda ke sanye da kayan kariya ba su kai sauran yawan kwanciya asibiti ba. Masu wandon kariya, haɗarin a kwantar da su ya ragu da wajen rabi. Amma sun kuma gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na riguna da wanduna sun yage a cikin haɗarin. Ke nan ba kowace riga ce ke aiki ba. Sai an zaɓa.

Mi ce ce rigar kariya?

Wanda ya taɓa kallon hawan salla a Damagaram ya san lifidi. Lifidi tufafi ne mai kauri da aka cusa wa auduga, wanda barade da dawakinsu ke sawa a zamanin yaƙi. Rigar kariya ta babur dangin lifidi ce. Abu biyu ne ke cikinta.

Akwai yadin waje. Ana saƙa shi da zaren roba mai ƙarfi, nailan ko foliyesta. Shi ke jure gurzuwa. Wani sanannen yadi na nailan sunansa Cordura. A jikin takardar rigar za ka iya ganin lamba kamar 500D, 600D ko 1000D. Wannan lamba tana nuna kaurin zaren. In lambar ta fi yawa, zaren ya fi kauri. Idan kaurinsu ɗaya, nailan yakan fi foliyesta jure gurzuwa.

Akwai kuma garkuwa. Ita wani faifai ne na roba mai kauri, mai lanƙwasa daidai da gaɓa. Ana sa ta cikin aljihu na ciki a kafaɗa, da gwiwar hannu, da gadon baya. A wando kuma tana zama a gwiwa da kwatangwalo. Aikinta shi ne ta sha bugu, ta rage abin da ke isa ga ƙashi.

Akwai rigunan kariya na fata, suna kuma da ƙarfi ƙwarai. Amma a ƙasarmu mai zafi ta yadi ta fi dacewa. Ta fi rashin nauyi, tana shigar da iska, tana wankuwa. Ga mai babban jiki tana da ƙarin amfani: yawancinta tana da maɗaurai da ake sassautawa ko a ɗaure.

Ina matsalar mai babban jiki take?

Kamfanoni suna yanka riga ne bisa wani jiki na tsaka-tsaki. Idan suka ƙara faɗi, sukan ƙara tsawo tare. To, ba kowane mai faɗi ba ne dogo. A nan ake yin kuskure iri biyu.

Kuskure na farko: sayen wadda ta matse. Zif ba ya rufuwa sai da kokawa. Mai ita yakan bar gaba a buɗe, ko ya cire garkuwar don ya sami sarari. Riga buɗaɗɗa tana zamewa daga jiki da faɗuwar farko. In kuma ya daure ya rufe, numfashi yana yi masa wuya, hannu yana sagewa, ba ya iya waiwaye. Ɗinkin da ke cikin matsi kullum shi ke fara fashewa. Ƙarshenta sai a rataye rigar a ƙusa.

Kuskure na biyu: sayen wadda ta yi yawa don ciki ya shiga. Ciki ya shiga, amma hannun riga ya rufe yatsu. Garkuwar gwiwar hannu ta sauko kusa da wuyan hannu. Ta kafaɗa ta zame ta koma bisa damtse. Ranar faɗuwa, gwiwar hannu za ta daki ƙasa tsirara, garkuwa tana gefe.

Maganin waɗannan kurakurai biyu shi ne awo.

Yadda ake awon jiki

Kada ka je kasuwa sai da awonka a rubuce. Je wajen tela, ko ka ari mitarsa wani ya auna ka. Sa riga mai shara-shara. Tsaya sosai, ka yi numfashi kamar kullum. Kada ka shanye ciki, domin ba da shanyayyen ciki za ka tuƙa babur ba. Ga wuraren da za a auna da santimita:

1. Ƙirji. A zagaya ta ƙarƙashin hammata, ta inda ya fi faɗi.
2. Ciki. A zagaya daidai cibiya, ko inda ya fi fitowa. A auna kana tsaye, a sake aunawa kana zaune. Na zaune ya fi yawa, shi ne kuma na gaskiya ga mahayi.
3. Kwatangwalo. A zagaya ta inda ɗuwawu ya fi faɗi.
4. Damtse. A zagaya shi hannu yana lanƙwashe.
5. Tsawon hannu. Daga ƙashin kafaɗa zuwa wuyan hannu, gwiwar hannu tana ɗan lanƙwashe.
6. Cinya. Ta inda ta fi kauri.
7. Tsawon ƙafa ta ciki. Daga matsematsi zuwa idon sawu.
8. Tsawon baya. Daga ƙugu zuwa saman kafaɗa.

Ga ƙa'idar da za ka bi. Dubi awon ƙirji da na ciki. Wanda ya fi yawa, da shi za ka nemi riga. Wurin da ya yi saura ana iya ɗaure shi da maɗauri, amma wurin da ya kasa ba shi da magani. Wannan ƙa'ida ta shafi mata masu hawan babur su ma: su dubi ƙirji da kwatangwalo, su bi wanda ya fi yawa.

Yadda ake karanta lambar riga

Mutane da yawa sun saba da haruffa: L, XL, XXL, 3XL. Kada ka dogara da su. Babu wata doka da ta daidaita su. XXL na wani kamfani yana iya zama XL na wani. Rigunan Italiya sukan zo da matsattsen yanka. Na Jamus da na Amurka sukan fi sarari. Lamba ta fi harafi faɗin gaskiya.

A yawancin ƙasashen Turai, lambar rigar maza rabin awon ƙirji ce. Raba awonka gida biyu, ka sami lambarka. Misali: ƙirjin santimita 112, lamba 56 ke nan. Ƙirjin santimita 120, lamba 60.

Jamusawa suna da wani tsari mai amfani ƙwarai ga mai faɗi wanda ba dogo ba. Suna yin riguna masu ƙananan lambobi kamar 26, 27, 28, 29, 30. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka na yara ne. Ba na yara ba ne. Ninka lambar sau biyu: 28 faɗinta ɗaya da 56, haka 30 faɗinta ɗaya da 60. Bambancin shi ne an rage tsawon hannu da na jiki. Idan kai kakkaura ne mai matsakaicin tsawo, wannan ita ce abokiyar burminka.

Akwai kuma manyan lambobi kamar 106, 110, 114. Waɗannan na dogaye ne. Lamba 110 faɗinta kusan ɗaya da 56, amma hannu da jiki sun fi tsawo.

Ka yi hattara da rigar Ingila ko ta Amurka. Su da inci suke awo. Inci ɗaya santimita 2 da rabi ne da ɗan ɗoriya. Lamba 46 ta Ingila ƙirji ne na wajen santimita 117. Lamba 46 ta Jamus kuwa ƙirjin santimita 92 ne kawai. Lamba ɗaya, riga biyu.

In lambar ta goge, shimfiɗa rigar a ƙasa, ka rufe zif. Auna daga hammata zuwa hammata, ka ninka biyu. Lalle abin da ka samu ya ɗan fi awon ƙirjinka, domin garkuwar baya ita ma tana cin wuri.

Mi takardar cikin riga ke faɗi?

Tun shekarar 2018, dokar Tarayyar Turai ta tilasta a gwada kayan kariyar babur kafin a sayar da su. A shekarar 2020 aka fitar da ma'aunin gwajin mai suna EN 17092. Duba cikin rigar. Za ka ga alamar CE, da ɗan hoton mutum bisa babur, da harafi. Ga ma'anar haruffan:

AAA: ita ce mafi ƙarfi, amma ta fi nauyi da zafi.
AA: mai ƙarfi, ta dace da doguwar tafiya bisa kwalta.
A: mai sauƙi, ta zirga-zirgar cikin gari.
B: tana jure gurzuwa, amma ba ta da garkuwa.
C: tana riƙe garkuwa kawai, ba ta jure gurzuwa. Ana sa ta ne tare da wata rigar.

A wajen gwaji, wata na'ura ce ke gurza yadin bisa siminti. Yadin kafaɗa da na gwiwa na ajin A ana gurza shi da gudun da ya yi daidai da kilomita 45 a awa. Na AA da kilomita 70, na AAA da kilomita 120. Wannan gwajin yadi ne. Ba izinin gudu ba ne. Mai kabu-kabu na cikin gari, A ko AA ta ishe shi. Mai bin babbar hanya, kamar daga Maraɗi zuwa Damagaram, ya nemi AA.

Bayan haka zaro garkuwar daga aljihunta ka duba bayanta. Ta gaɓoɓi tana ɗauke da EN 1621-1, ta baya kuma EN 1621-2. Akwai lamba 1 ko 2. Ana gwada garkuwa ne ta sakin ƙarfe mai kilo 5 a kanta daga tsawon wajen mita ɗaya, a auna bugun da ya ratsa. Ga garkuwar gaɓoɓi, mai lamba 1 ba ta barin fiye da awo 35 ya wuce, mai lamba 2 ba ta barin fiye da 20. Ke nan lamba 2 ta fi.

Ga abin da ya fi shafar mai babban jiki. Garkuwar gaɓoɓi girma biyu gare ta: A ƙarama, B babba. Kada ka rikita wannan da ajin riga da muka ambata. Mai faɗin kafaɗa da babbar gwiwa ya nemi B. Garkuwar baya kuwa da tsawon baya ake zaɓenta. Shi ya sa muka ce a auna daga ƙugu zuwa kafaɗa. Mai haruffa FB tana rufe faɗin baya har da allon kafaɗa. Mai CB tsakiya kawai take rufewa. Riguna da yawa suna zuwa da soso maras amfani a aljihun baya. In babu rubutu a jikinsa, ba garkuwa ba ne, sai a canza shi. In ka ga alamar T+, an gwada garkuwar cikin zafin digiri 40. Irinta ce ta dace da ƙasarmu.

Gwaji bisa babur

Gani ya kori ji. Rigar babur an yanka ta ne domin mai zaune, hannuwa a gaba. Kada ka yanke hukunci kana tsaye. Je da babur ɗinka bakin shago. Rufe zif har sama, ɗaure dukan maɗaurai, ka hau ka kama kan babur. Sannan ka duba waɗannan:

1. Ja dogon numfashi. In ƙirji ya tokare, ta yi kaɗan.
2. Waiwaya dama da hagu da hular kwano a kanka. Kada wuyan riga ya shaƙe ka. Yatsa biyu su iya shiga tsakaninsa da wuyanka.
3. Taɓa ƙashin gwiwar hannu. Lalle ya zauna tsakiyar garkuwa. Haka ma ƙashin kafaɗa.
4. Sa wani ya kama garkuwar ya murɗa ta. In ta bar kan gaɓa cikin sauƙi, hannun ya yi yawa. Ƙara ɗaure maɗaurin damtse da na sangalin hannu. In har yanzu tana yawo, bar rigar.
5. Sa shi ya ja bakin hannun riga zuwa sama. Kada ya wuce tsakiyar sangali.
6. Sa shi ya duba bayanka. Kada ƙugu ya fito waje.
7. Zauna haka na minti 10. In yatsu sun fara sagewa, hammata ko damtse ya matse.

Mai tumbi ya guji gajeriyar riga mai tsayawa a ƙugu, domin tana hayewa bisa ciki ta bar shi a buɗe. Ya nemi mai tsawo wadda ta sauko bisa kwatangwalo. Ya fi kyau idan zif ɗinta yana buɗewa ta ƙasa ma, don ta saki idan an zauna. Mai faɗin baya ya nemi mai naɗe-naɗe a bayan kafaɗa, waɗanda ke buɗewa idan an miƙa hannu.

Rigunan Turai da yawa suna da shafi na ciki domin sanyi, wanda ake cirewa da zif. Cire shi kafin gwaji. Mu a nan, sai da sanyin safiyar hunturu ake bukatarsa. In sai da shafin take zama daidai, to ba tare da shi ba ta yi yawa.

Wando

Ƙafa tana cikin wuraren da suka fi samun rauni a haɗarin babur, amma mutane sukan sayi riga su manta da wando. Ba dole ba ne lambar wando ta zama ɗaya da ta riga. Zaɓi kowanne da awonsa.

Mai kaurin cinya ya fara da cinya da kwatangwalo. In suka shiga, ƙugu ana ɗaure shi. Idan kana tsaye, garkuwar gwiwa takan ɗan sauka ƙasa. Ba laifi. Idan ka zauna bisa babur, lalle ta hau ta rufe ƙoƙon gwiwa. Wasu wanduna suna da aljihun garkuwa mai hawa biyu ko uku, ana ɗaga ta ko a sauke ta. Irinsu sun fi dacewa da wanda ƙafarsa ba ta da tsawo.

Wandon mai tumbi yakan zame ƙasa, ya ja garkuwar gwiwa tare da shi. Maganinsa igiyoyin da ke rataye wando a kafaɗa. Wasu riguna kuma suna da zif a baya wanda ke haɗa su da wando, don kada riga ta naɗe sama yayin gurzuwa.

To, zafi fa?

Wani zai ce: wa zai sa wannan kaya a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40? Tambayar tana kan hanya, musamman ga mai jiki wanda zafi ya fi damu.

Nemi riga mai raga. Ita tana da yadi mai ƙananan huji a ƙirji da baya, iska na ratsawa. Amma kafaɗa da gwiwar hannu lalle su zama na yadi mai kauri. Zaɓi mai launin haske, kamar toka-toka ko ruwan ƙasa, domin baƙi yana tara zafin rana. Guji wadda aka ɗinke wa shafin hana ruwa a ciki, domin tana riƙe zufa.

Ka kuma sani, idan iska ta fi fatar jiki zafi, ba ta sanyaya mutum. Ƙara masa zafi take yi, tana busar da shi. Shi ya sa matafiyan hamada ke lulluɓe jikinsu. Jiƙa ƴar rigar ciki da ruwa kafin ka tashi. Riƙa shan ruwa ko ba ka ji ƙishirwa ba. In da hali, yi doguwar tafiya da safe ko da marece. In ka ji jiri ko ciwon kai, tsaya a inuwa nan take.

In ta gwanjo ce

Ta gwanjo mai kyau ta fi sabuwa ta jabu. Amma a duba ta da rana, a fili. Ja ɗinkin kafaɗa da na hannu da ƙarfi, ka ga ko zare yana buɗewa. Nemi wurin da ya goge, ko ya ƙone, ko aka yi wa faci: alamar an taɓa faɗuwa da ita ce. Lanƙwasa garkuwa. In ta tsage, ko tana marmashewa, ta mutu. Ja zif sama da ƙasa sau da yawa. Yadin da rana ta ƙoɗar ƙarfinsa ya ragu.

Rigar da aka yi kafin ma'aunin 2020 sau da yawa ba ta nuna harafin A ko AA. A jikin irinta, sau da yawa alamar CE ta garkuwa ce kawai, ba ta yadin ba. Akwai kuma masu buga alamar ƙarya. Kada rubutu ya hana ka taɓawa da hannu. Araha ba ta ado, balle kariya.

Abin da tela zai iya yi

Tela zai iya rage tsawon hannu ko na ƙafa daga baki. Zai iya ƙara maɗauri. Zai iya matsar da aljihun garkuwa na ciki zuwa daidai gaɓarka. Amma kada ya farke ɗinkin kafaɗa, ko na gwiwar hannu, ko na ɗuwawu. In dole sai an ƙara faɗi, a ƙara ta gefe, ƙasa da hammata, da yadi mai kauri irin na rigar, da zaren nailan, ɗinki biyu. Maɗinkin tamfol ya fi sanin wannan aiki. Ka dai sani, rigar da aka farke ba ta kai yadda aka gwada ta ba. Neman daidai tun farko ya fi.

Wajen wanki, cire garkuwa, ka wanke da ruwan sanyi da sabulu. Ban da ruwan jabel, ban da guga. Shanya a inuwa.

In babu hali yanzu

Ba kowa ke iya sayen komi a rana ɗaya ba. A bi shi daki-daki. Hular kwano ita ce ta farko, a kuma ɗaure igiyarta. Ita ma da awon kai ake zaɓenta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai kyau tana rage haɗarin rauni a ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin 100. Sai safar hannu mai ƙarfi, domin mai faɗuwa hannu yake fara kai wa ƙasa. Sai rufaffen takalmi mai rufe idon sawu, ba silifa ba. Sai riga da wando, ko da za a jira kaka.

Kafin nan, sa tufafi mafi kauri da kake da su, masu dogon hannu. Guji rigar ƙwallo da rigar ruwa ta leda, domin zafin gurzuwa yana narkar da su bisa fata. Mai jiki yakan so babbar riga don ta fi sakewa. Bisa babur tarko ce. In gefenta ya shiga sarƙa ko ƙafar baya, sai ta fizgo mutum ƙasa. Naɗe ta ka sa a jaka, in ka isa ka sa abarka. Haka mace da aka ɗauka a baya ta tattara zane da mayafi.

Kada kuma riga ta ruɗe ka. Tana rage rauni, amma ba ta hana karaya idan bugu ya yi tsanani. Tafiya a hankali ita ce babbar kariya. In tsautsayi ya faru, a wanke raunin da ruwa mai tsabta da sabulu. Kada a zuba masa baƙin mai, ko man birki, ko ƙasa. A tafi likita, a nemi allurar rigakafin tetanos.

Abin da za mu riƙe

1. Auna jikinka, ka rubuta, ka tafi da takardar.
2. Bi awon wurin da ya fi faɗi, ka ɗaure sauran da maɗauri.
3. Duba lamba, kada ka dogara da XL.
4. Nemi ajin A ko AA, da garkuwa babba mai B.
5. Gwada kana zaune bisa babur. Garkuwa ta tsaya kan gaɓa.
6. Zaɓi wadda za ka iya sawa kullum, har da bazara.

Ɗan uwa mai babban jiki, in ka zagaya kasuwa ba ka sami daidai kai ba, kada ka karɓi ta kusa don kunya ko gajiya. Bar wa mai shago awonka a rubuce, ka ce ya nemo maka. Jira na wata ɗaya ya fi jinya ta wata uku. Ka kuma karanta wa maƙwabcinka mai babur wannan shafi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.